Wa ake nufi da "ka"? Mutum na biyu a bayanin ɗakunan wasannin rubutu na intanet

Gabatarwa

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Na'ura ce ke rubuto wa mai wasa bayanin wurin da yake, shi kuma ya rubuta mata umarni: arewa, duba, ɗauki fitila. Sai ta amsa masa da wani rubutun. Kowane wuri a cikin wannan duniya ana kiransa "ɗaki", ko da kuwa daji ne ko bakin kogi ko tsakiyar kasuwa, kuma kowane ɗaki yana da ɗan sakin layi da ke siffanta shi. Masu rubuta waɗannan bayanai sun daɗe suna jayayya a kan tambaya guda: shin ya dace a yi magana da mai wasa kai tsaye, a ce masa yana tsaye a wuri kaza yana ganin abu kaza, ko kuwa a siffanta wurin kawai a bar shi daga waje?

Da farkon ji, wannan gardama ce ta masu wasa. Amma ɗalibin kimiyyar harshe da ya tsaya ya dube ta zai tarar da tambayoyin da muke karantawa a darussan ma'ana da na sarrafa harshe cikin zance: wa ke magana, da wa ake magana, daga ina ake kallo, kuma me jimla ta ɗauka cewa an riga an yarda da shi. Ga mai rubutu da Hausa tambayar ta fi tsanani, domin harshenmu ba ya bari a yi magana da mutum ɗaya ba tare da an yanke hukunci a kan jinsinsa ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa wakilin suna alama ce kawai ta matsalar. Asalinta shi ne ikirarin da jimla ke yi game da mai karatun da marubuci bai taɓa gani ba.

Taƙaitaccen tarihi

Tushen salon yana komawa ga wasan Colossal Cave Adventure, wanda Will Crowther ya rubuta a Amurka wajen 1975 zuwa 1976. Crowther masanin kwamfuta ne mai sha'awar kutsawa cikin kogwanni, kuma ya tsara taswirar wasan bisa wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentaki. A 1977 Don Woods na jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi. Tun daga ɗakin farko, wasan yana magana da mai wasa da sigar mutum na biyu, yana gaya masa inda yake tsaye da abin da ke kewaye da shi. Wasan Zork, da aka fara rubutawa a cibiyar MIT a 1977, ya bi wannan sawu.

Waɗannan duka wasanni ne na mutum ɗaya. Canji ya zo a 1978, lokacin da Roy Trubshaw, ɗalibi a jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta wasan da mutane da yawa za su shiga a lokaci guda, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da aikin. Sun sa masa suna MUD, taƙaicen wasu kalmomin Ingilishi da ke nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai mashiga da yawa, kuma sunan ya zama na nau'in wasan gaba ɗaya. A 1989 James Aspnes ya fito da TinyMUD, inda ƴan wasa da kansu ke gina ɗakuna, a shekarar kuma Lars Pensjö ya fito da LPMud a Suwidin. Pavel Curtis ya buɗe LambdaMOO a 1990, sannan ɗaliban sashen kwamfuta na jami'ar Kofanhegan suka saki DikuMUD a 1991.

Daga nan rubuta ɗaki ya zama aiki mai zaman kansa, har ana kiran masu yin sa "magina". Wasa ɗaya na iya ƙunsar dubban ɗakuna da hannuwa daban-daban suka rubuta, don haka masu kula da wasanni suka riƙa tsara ƙa'idojin rubutu domin a sami murya ɗaya. Daga cikin ƙa'idojin da aka fi maimaitawa akwai wadda ke hana amfani da wakilin sunan mutum na biyu a bayanin ɗaki. Wasu magina kuwa suna ganin cire shi yana mayar da ɗaki kamar jerin kayan da ke cikin sito. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kimiyyar harshe na iya nuna inda kowace hujja ta tsaya.

Aikin da mutum na biyu ke yi

Émile Benveniste, a maƙalarsa ta 1956 a kan ɗabi'ar wakilan suna, ya nuna cewa "ni" da "kai" ba su da wani tsayayyen abin da suke nufi a waje da zancen da aka furta su a ciki. "Ni" shi ne mai magana a wannan lokaci, "kai" shi ne wanda ake yi wa, kuma suna musayar matsayi da zarar wancan ya karɓi magana. Mutum na uku kuwa, a ganinsa, ba ya cikin wannan musaya; abin da ake magana a kansa ne. Tun kafin nan, a 1934, Karl Bühler ya bayyana cewa kalmomin nuni suna da cibiya guda, wato ni, nan, yanzu, kuma mai magana na iya ɗauke wannan cibiya ya dasa ta a wani wuri na zuci, mai sauraro ya bi shi can ba tare da ya motsa ba.

Wannan shi ne abin da bayanin ɗaki ke yi. Idan allo ya ce "kana cikin zaure", ya cire cibiyar nuni daga kujerar da mai wasa ke zaune a kai, ya dasa ta cikin zauren da babu shi sai a rubuce. Sai dai musayar da Benveniste ya bayyana ta zo da wata siga ta daban. Mai wasa yana rubuta "ɗauki fitila", wato umarni ga na'ura, ita ce mutum na biyu a wurinsa. Na'ura kuma ta amsa da "ka ɗauki fitila", ta mayar da aikin kansa. Kowannensu yana ɗaukar ɗan'uwansa a matsayin mai aikin, alhali jiki ɗaya ne ke aikatawa a cikin labarin, kuma babu mai cewa "ni" da sunan wannan jiki.

Salon bai zo daga sama ba, domin haka mutane ke siffanta wuri a zancen yau da kullum. A wani nazari da Charlotte Linde da William Labov suka wallafa a 1975, sun nemi mazauna birnin Niyok su bayyana tsarin gidajensu. Kusan dukkansu sun yi bayanin ne kamar suna zagayawa da mai sauraro, daga ƙofa zuwa ɗaki zuwa ɗaki. Kaɗan ne ƙwarai suka siffanta gidan kamar taswirar da ake kallo daga sama. Mai Hausa ma haka yake kwatance:

(1) In ka fito daga tasha ka miƙe kudu, za ka ga wani babban dogon yaro a hannunka na dama.

A lura da kalmar "in". Ita ce ta sa jimlar ba ta yi ikirarin cewa mai sauraro ya fito daga tasha ba. Sharaɗi ne kawai. Bayanin ɗaki ba shi da wannan mafaka, domin kai tsaye yake faɗa wa mai karatu abin da ke faruwa da shi yanzu.

A adabi ma an gwada mutum na biyu. Michel Butor ya rubuta La Modification a 1957 da "vous" daga farko har ƙarshe, a kan wani matafiyi a jirgin ƙasa daga Faris zuwa Rum. Amma mai karanta littafin ya san cewa wannan "vous" wani ne daban, mai sunansa da iyalinsa da damuwarsa, don haka ba ya jin an yi masa ƙarya idan aka ce ya gaji ko ya yi nadama. Lamarin ya bambanta a littattafan wasa irin jerin Un livre dont vous êtes le héros da Gallimard ta fara bugawa a farkon shekarun 1980, inda mai karatu ke zaɓen shafin da zai buɗe. Da zarar an ba mutum ikon zaɓi, an kuma ba shi ikon cewa: ban yi haka ba.

Inda matsalar take

Domin a fahimci hujjar masu hani, sai an san yadda na'ura ke ajiye rubutun. A DikuMUD da wasannin da suka fito daga gare shi, kowane ɗaki yana da lamba, da suna, da bayani, da jerin mafita. Bayanin rubutu ɗaya ne tak, shi ake nuna wa duk wanda ya shigo da duk wanda ya rubuta umarnin dubawa. Saƙonnin aiki kuwa daban suke. Idan wani ya miƙa wa wani gora, na'ura tana tura jimla ɗaya ga mai bayarwa, wata ga mai karɓa, wata kuma ga sauran mutanen ɗakin, tana cike guraben suna da na wakilin suna da wasu alamomi irin $n da $e. Ke nan a saƙon aiki na'ura ta san da wa take magana da abin da ya yi yanzun nan. A bayanin ɗaki ba ta san komai ba sai cewa yana ciki.

Mu duba waɗannan misalai:

(2) Yayin da ka shigo ta ƙofar kudu, sai ka ga wani zaure mai duhu.

(3) Ka sunkuya saboda gajartar ƙofar.

(4) Tsoro ya kama ka, gabanka na ta faɗuwa.

Jimla ta (2) ta yi ikirari a kan hanyar da mai wasa ya biyo. To, mai yiwuwa ta arewa ya shigo, ko kuma tun ɗazu yana zaune a ɗakin yana hira, ya sake duba wurin ne karo na goma. Wani abin lura shi ne, ikirarin yana cikin sashen jimla na dogaro. Ko an kore babban sashen, an ce "yayin da ka shigo ta ƙofar kudu ba ka ga kome ba", shigowar ta kudu tana nan daram. Wannan ita ce alamar abin da jimla ta ɗauka a matsayin sananne: ba a gabatar da shi don a amince ko a musa ba, an wuce da shi ne kawai. Jimla ta (3) ta yi wa mai wasa aikin da bai umarta ba, ta kuma auna masa tsawo, alhali a irin waɗannan wasanni mutum na iya zaɓen ya zama yaro ko wada ko tsuntsu. Jimla ta (4) ta fi duka nauyi, domin ta shiga zuciyarsa. Ƙila wanda ya karanta ta shi ne mai gidan a cikin labarin, ko jarumin da ya gina halinsa a kan rashin tsoro.

Yanzu a kwatanta su da waɗannan:

(5) Kana cikin zaure.

(6) Rana ta take, zafinta na ƙona ƙasa.

Jimla ta (5) tana da mutum na biyu, amma gaskiya ce ga kowa a kowane lokaci, tun da ba a nuna ta sai ga wanda ke cikin zauren. Jimla ta (6) ba ta da shi, amma ƙarya ce rabin lokaci, domin yawancin waɗannan wasanni suna da dare da rana. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙa'idar hana wakilin suna ta kama inuwa ne. Tana da amfani ga sabon magini, saboda mafi yawan ikirarin da ba su da tushe ta hanyar wakilin suna suke shigowa, amma ma'aunin gaskiya shi ne: shin jimlar za ta tsaya ga duk wanda zai karanta ta, ta kowace ƙofa ya shigo, a kowane lokaci? A kan wannan ma'auni, faɗar inda mutum yake ba ta da haɗari. Faɗar abin da zai iya gani ko ji tana da ɗan haɗari, tun da a cikin wasa ana iya makanta shi ko fitilarsa ta mutu. Faɗar hanyar da ya biyo, da aikin da ya yi, da abin da ke ransa, su ne ke karya amana tsakaninsa da rubutun.

Idan da Hausa aka rubuta ɗakin

An gina wannan gardama ne a kan Ingilishi, inda kalmar "you" ba ta nuna jinsi ko adadi. Faransanci na ɓoye jinsi a "tu" da "vous", amma yana tona shi a dacewar siffa, kamar bambancin "assis" da "assise". A harsunan ƙasarmu, Zabarmanci yana da "ni" ga namiji da mace, Fulatanci da Barbarci ma ba su rarrabewa. Hausa kuwa, kamar Larabci da Buzanci, tana rarrabewa a mutum na biyu tilo, kuma tana yin haka a ko'ina: kai da ke, kana da kina, za ka da za ki, gidanka da gidanki, rigarka da rigarki, maka da miki. Saboda haka jimla ta (5), wadda muka ce gaskiya ce ga kowa, a Hausa ta rasa wannan daraja. Ta yi ikirarin cewa mai karatu namiji ne.

Wani zai ce ai "ka" na Hausa yana iya zama na kowa da kowa, kamar a karin magana: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Haka ne, kuma mace tana jin wannan ba tare da ta ɗauka an ware ta ba, domin kowa ya san ba mutum ɗaya ake nufi ba. Amma "ka" na bayanin ɗaki yana nuna mutum ɗaya tak, wanda ke gaban allo a wannan lokaci. Ya fi kusa da "ka" na gaisuwa, kuma wanda ya ce wa mace "sannunka" ya yi kuskure a fili. Matar da ta shiga wasa, ta zaɓi suna da kamanni na mace, sannan kowane ɗaki ya riƙa ce mata "kana", za ta fahimci cewa ba a yi tunaninta ba lokacin da ake ginin.

Hanyoyin fita guda huɗu ne. Ta farko ita ce a rubuta duka biyun, "kana/kina", kamar yadda ake yi a takardun cikewa. Wannan ya dace da ofis, amma yana kashe labari, domin yana tuna wa mai karatu a kowane layi cewa marubuci bai san shi ba.

Ta biyu ita ce a bar wa na'ura ta zaɓi sigar da ta dace da jinsin mai wasa. Ana iya yin haka, sai dai ba da sauƙin da ake zato ba, domin "ka" ɗaya a rubuce yana da takwarori uku a wajen mace:

(7) Ka shiga zaure. / Kin shiga zaure.

(8) Zauren da ka shiga. / Zauren da kika shiga.

(9) Domin ka shiga zaure. / Domin ki shiga zaure.

A (7) shuɗaɗɗen lokaci ne na gama-gari, a (8) shuɗaɗɗe na dangantaka, a (9) kuma sigar buƙata. Na'urar da aka ce ta musanya kowane "ka" da "ki" za ta yi kuskure a biyu daga cikin ukun. Dole magini ya sa wa kowane gurbi alamar lokacinsa, wato dole ya san nahawu. Misali na (7) yana ɗauke da wata matsalar kuma. A baki, "ka" na shuɗaɗɗen lokaci yana da dogon wasali da karin sama, na buƙata kuwa gajere ne mai karin ƙasa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawo ko kari, don haka "ka shiga zaure" na iya zama labari, na iya zama umarni. A wasan da ya ginu kacokan a kan ba da umarni, wannan ruɗani ne na gaske, kuma namiji kaɗai yake shafa, tun da "kin" da "ki" sun bambanta a rubuce.

Ta uku ita ce jam'i: "kuna cikin zaure". Jam'i ba ya nuna jinsi, yana da ƙamshin girmamawa, kuma kunnenmu ya saba da shi daga gidajen rediyo. Amma mai shela a rediyo da jama'a yake magana. A wasan da mutane da yawa ke iya haɗuwa a ɗaki guda, wanda ya karanta "kuna" zai fara neman wanda ke tare da shi.

Ta huɗu ita ce ta fi dacewa da ɗabi'ar harshen, wato amfani da "akwai" da "babu", da sigar yanayi irin "a buɗe" da "a kife", da kuma wakilin suna marar fayyace mai aiki, wanda wasu masu nahawu ke kira mutum na huɗu: an, ana, aka, za a. "Ana jin ƙarar ruwa daga gabas" ta bar wa kowa gurbin mai ji ba tare da ta ambaci jinsinsa ba. Hausa ma ta riga ta saba da yin magana da mutum ta wannan hanya, kamar a gaisuwar "an tashi lafiya?", inda ake kauce wa nuna mutum kai tsaye saboda ladabi. Sai dai a kula: tare da aikatau na ji da gani, "ana" yana buɗe gurbi ga mai karatu, amma tare da aikatau na aiki yana ƙirƙiro wasu mutane. Wanda ya karanta "ana daka a tsakar gida" zai nemi masu dakan, kuma idan na'ura ta ce babu kowa a wurin, bayanin ya saɓa wa wasan.

Nunin da ke ɓoye

Cire wakilin suna ba ya cire mai kallo daga jimla. A Hausa akwai aƙalla wurare uku da yake laɓewa.

Na farko shi ne "nan" da "can". A Daidaitacciyar Hausa, kamar yadda masu nahawu suka bayyana, kari ne ke rarrabe "nan" na kusa da mai magana da "nan" na kusa da mai sauraro, haka kuma "can" na abin da ake hangowa da "can" na nesa ƙwarai. A rubuce huɗun sun koma biyu, kuma dukkansu suna buƙatar a san inda mai kallo ya tsaya.

Na biyu shi ne aikatau mai ƙarewa da "-o", wanda ke rukuni na shida a rabe-raben F. W. Parsons, mai nuna motsi zuwa wajen mai magana: shiga da shigo, fita da fito, sauka da sauko. "Haske na shigowa ta taga" ta riga ta tsayar da mai karatu a cikin ɗakin ba tare da ta kira shi ba. Wannan dama ce da Ingilishi ba shi da irinta a cikin ƙirar aikatau, kuma magini mai Hausa na iya jawo mutum cikin wuri da wasali ɗaya. Amma a wasannin da ake iya leƙa ɗaki daga maƙwabcinsa, jimlar za ta ɗan karkace ga mai leƙen.

Na uku shi ne gaba da baya, dama da hagu. "A hannun dama" ya dogara ga inda fuska ke kallo, kuma wanda ya shigo ta kudu da wanda ya shigo ta arewa damarsu ba ɗaya ba ce. Gaba da baya sun fi haka wuya. Clifford Hill, a nazarce-nazarcen da ya yi daga shekarun 1970 zuwa 1982 yana kwatanta Hausa da Ingilishi, ya nuna cewa idan abubuwa biyu marasa fuska suna jere a gaban mai kallo, mai Hausa ya fi karkata ga kiran na nesa da "gaba", kamar duka suna fuskantar inda shi ma yake fuskanta, alhali mai Ingilishi na kusa yake ba wannan suna. Idan kuwa na kusa ya kare na nesa, sai na ɓoyen ya zama na "baya". Ke nan jimlar "akwai tulu a gaban turmi" na iya ba masu karatu biyu hoto biyu, musamman waɗanda suka tashi da Hausa da Faransanci tare. Maganin wannan yana hannunmu: gabas da yamma, kudu da arewa, waɗanda Bahaushe ke amfani da su a kwatancen gida da gona, kuma su ne dai kalmomin da ake tafiya da su a wasan.

Gwaji a kan ɗaki guda

Ga bayanin ɗaki da ya tara yawancin abubuwan da aka ambata:

(10) Ka shigo wani tsohon zaure, sai warin jemage ya buge ka har ka toshe hanci. A hannunka na dama ka ga wata ƙofa a rufe. Gabanka ya faɗi da ka ji motsi a can ciki.

Ga shi kuma bayan an auna kowace jimla:

(11) Tsohon zaure ne mai kaurin bango, daɓensa duk ya farfashe. Warin kashin jemage ya cika wurin. A bangon gabas akwai ƙofar itace, ƙasanta cike da sawun farata masu zurfi. Lokaci lokaci ana jin wani abu na gogar ƙofar daga ɗaya gefen.

A (11) babu jinsi, babu hanyar shigowa, babu aikin da aka yi wa mai wasa. Ba a faɗi ko ƙofar a rufe take ba, domin wani ɗan wasa na iya buɗe ta, kuma na'ura ce ya kamata ta ba da wannan labari a layi na daban. Tsoron ma bai ɓace ba. An ɗauke shi daga zuciyar mai karatu an mayar da shi kan sawun farata, an bar masa ya ji abin da zai ji. Wannan ne amsar masu cewa bayanin da babu mutum na biyu busasshe ne: abin da ke jawo mai karatu shi ne zaɓen abin da aka nuna masa.

Mutum na biyu yana da mazauninsa a saƙon aiki. Idan mai wasa ta rubuta "buɗe ƙofa", daidai ne allo ya ce "kin tura ƙofar, ta buɗe da ƙara", domin a nan na'ura ta san wace ce, ta san abin da ta yi, kuma ita ce ta umarta.

Kammalawa

Bayanin ɗaki rubutu ne guda da ke jiran masu karatu da yawa, kowanne da jinsinsa da hanyarsa da lokacinsa, kuma kowace jimla a cikinsa ana auna ta ne da yawan waɗanda za ta yi wa gaskiya. Wannan yanayi bai tsaya ga wasa ba. Duk saƙon da na'ura ke aika wa mutum da Hausa, a wayar hannu ko a manhajar koyarwa, yana fuskantar zaɓi tsakanin ka da ki da ku da a, kuma wanda ya fassara "you" ko "vous" da "ka" ba tare da tunani ba ya riga ya zaɓi waɗanda zai yi magana da su.

Akwai aikin bincike a nan da ɗalibi zai iya yi da na'urar ɗaukar murya kawai. A nemi mata da maza a Maraɗi da Damagaram da Tawa su kwatanta tsarin gidajensu, a duba ko zagayawa suke yi da mai sauraro ko taswira suke shimfiɗawa, a ƙirga inda mace ke cewa "ki" da inda take cewa "ka" idan ƴar'uwarta mace take yi wa kwatance, a kuma lura da lokacin da ake sauya dama da hagu da gabas da yamma. Sakamakon irin wannan aiki shi ne zai gaya wa magina da masu fassara yadda Hausa ke shigar da mutum cikin wurin da bai taɓa takawa ba.